Cokalin Shayi da Keken Mama

AUTA: Salamu alaikum. Yaya, kana ji na?

YAYA: Wa'alaikumus salam. A'a, Autar Mama! Yau an tuna da mu ke nan?

AUTA: Kai Yaya. Ina wuni? Ina gajiya?

YAYA: Lafiya lau, ba gajiya. Ya gida? Ya Baba da ƙafar tasa?

AUTA: Da sauƙi, har ya ajiye sandar. Ya Anti da yara?

YAYA: Suna nan ƙalau. Ƙaramin ya fara tafiya, ba abin da ya bari a kan tebur. Ba ni Baban mu gaisa.

AUTA: Yana ƙofar gida da baƙo.

YAYA: Wane baƙo?

AUTA: Ɗan gwangwan ne. Da motarsa ya zo.

YAYA: Ɗan gwangwan kuma? Me za a sayar a matsayin tsohon ƙarfe a gidan nan?

AUTA: Keken surfanin Mama.

YAYA: Me? Layin ya yanke, sake faɗi.

AUTA: Na ce keken Mama! Baba ya ce tun da ta rasu, tsohuwar kwamfutar da ke sarrafa shi ta mutu, ya zama gunki a ɗaki. Ya ce in bai yi motsi yau ba, a ɗauke shi ya huta da gani.

YAYA: Innalillahi. To ina direban nan, manhajar da kike rubuta masa, wadda za ta sa kwamfutar yanzu ta san da shi?

AUTA: Shi ya sa na kira. Albishirinka, ya haɗu! Ɗazu na buga make, umarnin haɗa shi, ya wuce sumul, ko tari bai yi ba.

YAYA: Alhamdulillahi! Ashe me ya hana shi jiya?

AUTA: Kai ne.

YAYA: Ni kuma?

AUTA: Fayil ɗin haɗawa da ka turo mini ta saƙon waya. A hanya alamar tab da dole ta zo a farkon layi ta narke ta koma fili kawai. Na yini ina zargin kaina, har kuka na yi, ashe kayan Yaya ne suka zo da tsutsa.

YAYA: To Malama, na karɓi laifina. Tunda ya haɗu, sai ki loda shi mana.

AUTA: An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na buga insmod don in loda shi, kwamfutar ta tofo mini shi. Wai siffarsa ba ta dace ba.

YAYA: Kwantar da hankalinki, wannan ƙaramin ciwo ne. Buga dmesg, ki karanto mini layin ƙarshe. Kanel, zuciyar manhajar kwamfutar, ba ya ƙin abu bai faɗi dalili ba.

AUTA: Tsaya... Ga lambobi biyu nan dogaye. Tana cewa wannan ya kamata ya zama wancan.

YAYA: Duba wutsiyarsu. Iri ɗaya ce?

AUTA: A'a. Ta direbana ta fi girma.

YAYA: Yawwa! Auta, yaushe rabonki da kashe kwamfutar nan?

AUTA: Na'am?

YAYA: Kin ji ni sarai, wannan karon layin lafiyarsa lau.

AUTA: Tun ranar da ka haɗa ta da batirin sola ka tafi.

YAYA: La'ilaha illallahu! Tun kafin a haifi ƙaramin nawa? Yaron da yanzu yake tafiya?

AUTA: To ya zan yi? Maɓallin kunnawa ya karye, kai kaɗai ka san tsafin da kake yi ta tashi. In na kashe ta ƙi dawowa, wa zan kama?

YAYA: To ga ciwonki nan. Kina ta sabunta ta, ta sauko da sabon kanel ta ajiye, amma da tsohon take tafiya, don ba a taɓa sake kunna ta ba. Kin ɗinka riga da awon sabon, kina cusa wa tsohon. Da Mama na nan da ta ja miki kunne.

AUTA: Allah ya jiƙan ta. To in sake ɗinkawa da awon tsohon mana.

YAYA: Leƙa inda ake ajiye awon kowane kanel. Na tsohon yana nan?

AUTA: Babu. Na share shi ranar da nake neman wurin ajiya a cikinta.

YAYA: Shi ke nan, sai sake kunnawa. Adana aikinki tukuna.

AUTA: Yaya, na adana. Ga shi ina jin an buɗe bayan mota.

YAYA: Bar su, Baba bai taɓa gama ciniki bai ba da labarin zamaninsu ba. Ki yi bismilla ki ba ta umarni.

AUTA: Bismillahi. Na ba ta. Allon ya yi baƙi.

YAYA: Jira.

AUTA: Fankar ta tsaya. Yaya, ta tsaya cak! Ba ta dawo ba! Na faɗa maka, na faɗa maka!

YAYA: Ke, daina ihu a kunnena. Halinta ne, ta kwanta sai an tashe ta. Je kicin ki ɗauko cokalin shayi.

AUTA: Cokali? Yaya, wasa kake da ni a wannan halin?

YAYA: Tsafin ke nan da kike tambaya. Yi sauri.

AUTA: Ga shi, na ɗauko.

YAYA: Zame murfin gefe, ba ƙusa a jiki. Can ƙasa ta hannun dama akwai 'yan tsinkayen ƙarfe a jere. Biyu a ciki na ɗiga wa gindinsu jan farce.

AUTA: Na gan su. Kai! Ashe nan jan farcen Mama ya ƙare? Ni aka yi wa faɗa a kansa fa!

YAYA: Za mu yi shari'ar daga baya. Ki haɗa su biyun da bakin cokalin, taɓawa ɗaya ki ɗauke. Kar ki kuskura ki shafi wani wuri.

AUTA: Na taɓa... Wayyo! Ta yi ƙara! Fanka na juyawa! Ga rubutu yana gudu!

YAYA: Ba na ce miki ba? Tsohuwa ce, amma ba ta da riƙo. Shiga ki loda direban.

AUTA: Ta ce ba ni da izini. Yaya, mene ne kuma?

YAYA: Fara da sudo, kalmar neman izini, Auta. Ko gidanku ne ai kya yi sallama.

AUTA: Af! Ruɗewa ce. To... shiru. Ba ta ce komai ba.

YAYA: Shirun nan shi muke nema. Duba dmesg.

AUTA: "An ga keke." Saƙon da na rubuta da hannuna ne! Yaya, ta gan shi! Fitilar keken ta kama!

YAYA: Alhamdulillahi! Wallahi har gumi na yi a nan. Tura masa zane, ko wane iri.

AUTA: Furen nan da Mama ke sa wa rigunan matashin kai, shi na ajiye don gwaji. Na tura. Allurar ta sauka! Tana tafiya!

YAYA: Ina jin wani abu kamar... ƙarar tasa ke nan?

AUTA: Ita ce. Tsaya, ga Baba a bakin ƙofa.

YAYA: Me ya ce?

AUTA: Keken kawai yake kallo. Ɗan gwangwan na bayansa da igiya a hannu.

YAYA: Auta, yi magana mana, kar ki bar ni a rataye.

AUTA: Baba ya shigo. Ya ce in matsa. Wai zaren ya yi sako-sako, ba haka uwarmu take ɗaura shi ba. Ya ja kujerarta ya zauna, Yaya. Ya sa tabarau yana gyarawa.

YAYA: Mutumin fa?

AUTA: Baba ko waiwaya bai yi ba, ya ce masa ya yi haƙuri, akwai tsohuwar fanka a bayan gida in yana so.

YAYA: Allah mun gode maka. Kai, Auta, kin biya mu.

AUTA: Yaya, kuka kake?

YAYA: Wane kuka? Layi ne ba kyau. Ki kara wayar a jikin keken, rabona da jin ƙarar nan tun...

AUTA: To, amma sun yi mini gargaɗi, katina ya kusa ƙarewa.

YAYA: Ki kara dai, ko kaɗan ne. Yawwa, haka. Kar ki ɗauke, bar ni in ji har ya gama fur—