Ku Bar Haisam Ya Faɗi Abin da Ya Iya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, mai unguwar Gyadi-Gyadi, liman da na'ibinsa, kansilanmu da muka zaɓa da hannunmu, dattawan da suka taso daga Darmanawa da Babban Giji, maƙwabtanmu Kirista, iyaye mata da matasa, ina gaishe ku gaba ɗaya. Ni ce Dije, ma'aikaciyar jinya, sakatariyar kwamitin ilimi na wannan ƙungiya. Ina godiya da aka ba ni dama, ko da yake na san akwai waɗanda suka so a ce yau ina bakin aiki.

Magana ɗaya ta kawo ni, ita ce ta Haisam, ɗan Malam Mu'azu tela.

Na farko, me yaron nan yake nema? Ya gama digiri a lissafi, yana neman digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, a fannin da ake kira injiniyancin hada-hadar kuɗi. Ilimi ne na auna haɗari da lissafi, yadda mai sayen hatsi da kaka zai san iyakar asarar da zai iya ɗauka in farashi ya faɗi.

Na biyu, me ya kayar da shi bara? Mu ne, da kyakkyawar niyyarmu. Jami'ar ta ce ya rubuta bayanin kansa, sai ya rubuta cewa shi ba kowa ba ne, ƙoƙarin malamansa ne. Ta ce malaminsa ya ba da shaida, sai bawan Allah ya rubuta mafi girman yabon da ya sani, wai Haisam yaro ne mai kunya, ba ya ɗaga ido, bai taɓa musu da malami ba. A nan, da wannan shaida sai a ba shi mata. A can, sun karanta sun fahimci cewa ba shi da tambaya, ba shi da ra'ayi, suka ajiye takardarsa gefe.

Bana ya zauna sake rubuta bayanin a shagon kwamfuta na Obiefuna, wanda ya ce masa, "Haisam, mutanen nan ba su san babanka ba, ba su san unguwarku ba. In ba ka faɗa ba, wa zai faɗa?" Sai yaron ya daure ya rubuta gaskiya, cewa shi ya zo na ɗaya a ajinsu, kuma ya taɓa gano kuskure a lissafin wani malami, malamin ya amince. Wani mai jiran layi ya leƙa ya karanta, kafin magariba zancen ya zaga majalisun Tarauni. Wai yaro ya fara girman kai, wai yana tozarta malamansa don ya burge Turawa. Kunya ta kama Malam Mu'azu, ya ce ba za a aika takardun ba. Gobe Litinin kuwa ita ce ranar ƙarshe da za su iya tashi su isa a kan lokaci.

Jama'a, raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara nawa muka yi ƙarƙashin soja muna magana ƙasa-ƙasa? Yau sun koma bariki, sai mu ne za mu toshe bakin ɗanmu? Wanda ya leƙa takardar wani bai ji kunya ba, sai wanda ya faɗi gaskiya ne zai ji? Kuna zaune a nan, ina ganinku. Cikinku akwai waɗanda Haisam ya koya wa 'ya'yansu lissafi a soron gidansu har suka ci jarrabawa. In akwai kalma ɗaya ta ƙarya a abin da ya rubuta, wani ya miƙe yanzu ya nuna ta. Ina jira.

To, babu wanda ya miƙe.

Malam Mu'azu, yanzu gare ka na juyo. Ban ce ka yabi ɗanka a bainar jama'a ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ka faɗa, kuma ba mu zo mu raba ka da kunyarka ba. Tsoron bakin mutane ya sa ka hana, ga mutanen nan, ka ga bakin nasu. Ba sai ka ce ka yarda ba. In an shafa fatiha ka ɗauki takalmanka ka fita ba ka ce komai ba, mun san shirun uba, gobe da safe ni da kaina zan raka Haisam a aika takardun. In kuwa hanin yana nan, ka faɗa a gabanmu, shi ma ya ji daga bakinka, ga shi can a bakin ƙofa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Tarauni da ƙasa baki ɗaya. Allah Ya tsare harsunanmu daga cutar da 'ya'yanmu. Allah Ya sanyaya zuciyar wannan uba, Ya zaɓa wa yaron nan abin da ya fi alheri.

Na gode.