Waƙar Bashir Mai Hon ɗin Mota

Assalamu alaikum mai gabatar da shirin waƙoƙi a rediyo, barka da aiki. Sanusi ne daga unguwar Faisal, Alƙahira.

Ni da abokina Bashir muna da ɗan kamfanin waƙa a ɗakinmu, irin na 'yan punk na da, wani kiɗan Turawa mai hayaniya, masu ɗauka sau ɗaya ba gyara. Bashir ya rera tasa waƙar taga a buɗe, har hon ɗin motocin haya ya shiga. Ni kuwa na kai tawa situdiyo aka goge ta tas. Muka aiko muku duka.

Kullum tasa kuke sakawa, wai tana da rai. Tawa ko sau ɗaya. Jiya mai burodin layinmu ya tambaye ni ko ni ne mai riƙe wa Bashir jaka.

Ku ba ni shawara, ni ma in buɗe tagar ne? Ina gaida kowa, ban da Bashir.