Saƙon Maƙwabciya

A bencin jira na asibitin masu taɓin hankali, wata matashiya ta zauna kusa da wata tsohuwa mai riƙe da kular abinci.

"Mama, wa kika zo dubawa?"

"Ɗana. Amma in ya fito, kar ki ce ni ce mahaifiyarsa."

"Subhanallahi! Faɗa kuka yi?"

"Ina! Ciwon ne ya sa masa wai an sauya masa uwa. In na ce ni ce, ko loma ba ya ci. Sai nake ce masa ni maƙwabciya ce, uwarsa ta aiko ni."

"Kuma yana ci?"

"Har ya suɗe kwano, yana ba ni labarinta. Wai ba a yi mace mai haƙurinta ba."

"Ikon Allah! Ni ƙanena da nake zuwa dubawa harara kawai ya yi mini, na wuni ina kuka. Ke zuciyarki ba ta karyewa?"

"Tana karyewa mana, 'yata. Amma tun da na haife shi ban taɓa jin yabona a bakinsa ba, sai da na zama baƙuwa. Jiya ma cewa ya yi in gaishe ta."

"Me kika ce?"

"Na ce masa za ta ji."