A Bari Yatsa Ya Zaɓi Kibod Ɗinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma manajan cibiyarmu, shugaban kwamitin saye-saye da 'yan kwamitinsa, iyayenmu da suka ajiye aiki amma suka amsa gayyata, 'yan'uwana masu buga takardu maza da mata, masu gyaran na'urorinmu da suka laɓe can kusa da ƙofa kamar kullum don kada a kira su gyara lasifika, da sauran jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana a madadin ɗakin buga takardu. Ina kuma godiya ga hukumar wannan cibiya, domin ɗakin da muka sani da tsagaggen silin da fanka mai kuka yau ya koma abin kallo. An yi fenti, an sauya kujeru, an kawo sababbin kwamfutoci. Abu ɗaya ya rage, kuma shi kwamiti zai sa wa hannu bayan an tashi daga nan, wato odar kibod iri ɗaya da za a ɗora a kan kowane tebur. An riga an raba mana samfurinsa muna gwadawa. A kan wannan ɗan ƙaramin abu nake so in yi magana, kuma na san wani zai ce a ransa, duk gyaran nan da aka yi, kibod ne kawai ta gani? Kibod ne kuwa. Wanda ya shigo ɗakinmu zai ga fenti, zai ga labule, ya yaba ya fita. Mu da muke wuni a ciki, abin da hannunmu yake taɓawa daga safe har lokacin tashi shi ne kibod.

Magana ta farko, ba a zaɓen kibod da ido. Ranar da aka kawo samfurin nan, an zagaya da shi ofis ofis. Siriri ne, fari tas, ba waya, ba nauyi, maɓallansa a kwance kamar an zana su. Kowa ya karɓa a tsaye, ya juya shi gaba da baya kamar mai tayin yadi, ya sa yatsa ɗaya ya danna, ya ce, "Kai, ga laushi, kuma ba ya ƙara." Ba wanda ya yi haka da mugun nufi, kuma abin yana da kyan gani, ba a musu. Sai dai ba wanda ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hannu biyu, ya buga shafi guda. Yatsa ɗaya a tsaye ba zai gaya maka abin da yatsu goma za su ji da la'asar ba.

Magana ta biyu, hannu yana da tambayoyinsa, kuma ba hannu biyu da suke tambaya iri ɗaya. Hannu yana so ya san zurfin maɓalli, ko yana nutsawa ya ba yatsa wuri, ko kuwa da an taɓa shi an kai ƙasa. Yana so ya san nauyinsa, ko sai an yi ƙarfi, ko kuwa ɗan shafa ma ya isa ya watsa haruffa a takardar mutane. Yana so ya san ko akwai 'yar tirjiyar nan a tsakiyar dannawa, wadda take shaida wa yatsa cewa harafi ya shiga, ɗaga ka tafi. Sannan akwai tudun kibod ɗin, domin wuyan hannun da ya wuni a lanƙwashe shi ne yake hana mutum ɗaukar buta da yamma.

Ku dubi ɗakinmu. Akwai waɗanda suka koyi aiki a kan tafireta, su ba sa danna maɓalli, dukansa suke yi kamar ya yi musu laifi. Idan aka ba su kibod marar zurfi, duk dukan nan a gaɓoɓin yatsunsu yake komawa. Akwai sababbin shiga, da suka tashi da waya a hannu, su kuwa shafawa suke yi, kuma sabon samfurin nan ya yi musu daidai, suna jin daɗinsa ƙwarai. Akwai abokin aikinmu Dogo, wanda yatsansa ɗaya ya kai nawa biyu. Shi a kan kibod mai matsattsun maɓallai, in ya nufi harafi ɗaya sai ya taho da maƙwabcinsa. Ya ce mini, "Ni fa yanzu rabin aikina bugawa, rabi gogewa." Duk waɗannan hannaye aka ce a saya wa abu ɗaya.

Magana ta uku ita ce ta tsayar da ni a nan, kuma sai da na nemi izinin mai ita kafin in kawo ta.

Duk wanda ya taɓa ratsa barandarmu ya san Yaya Ƙwas-ƙwas, ko bai san fuskarta ba ya san ƙararta. Mu muka laƙaba mata sunan, saboda tsohon kibod ɗinta, wani ƙato mai launin toka, mai doguwar waya, wanda ake jin bugunsa tun daga matakala. Mun tsokane ta a kansa har mun gaji. Mukan ce, "Yaya, ana ruwan ƙanƙara ne a kan teburinki?" Ita kuma ta ce, "Ku dai ku yi aikinku, 'yan baƙin ciki." Ita ta koya wa da yawa daga cikinmu yadda ake ajiye yatsu a layin tsakiya, har da ni.

Abin da wasunku ba su sani ba shi ne, idon Yaya ya daɗe yana dusashewa. Likita ya gaya mata gaskiya, ba zai dawo ba. Ba ta tayar da hankalin kowa ba. Ta koma sashen rubuta maganar da aka naɗa, inda za ta saƙala abin ji a kunne, ta saurara, ta buga. Ba ta buƙatar ganin fuskar kwamfuta, domin yatsunta suna lalubo 'yan tudun nan da ke kan maɓallan F da J su san inda suke, tirjiyar maɓalli tana gaya mata harafi ya shiga, ƙarar kuma tana tabbatar mata. Da haka take riƙe da aikinta, da aikin kuma take riƙe da gidanta da tsohuwar mahaifiyarta. Aikin nata kuwa mai duba kurakurai yakan wuce shi ba tare da ya cire murfin bironsa ba.

Da aka raba samfurin gwaji, an kwashe tsofaffin kibod an kai sito, har da nata. Ɗaki ya yi tsit, wasu har suka ce yau kunne ya huta. Sai kurakurai suka fara fitowa a aikin Yaya: nan harafi ya ɓace, can ya fito sau biyu, wani wurin layi guda ya goce gefe ya zama abin da ba ya karantuwa. An dawo mata da aiki, an sake dawo mata da shi. Daga ƙarshe aka shaida mata cewa idan an kammala gwajin nan za a zauna a duba ko za ta iya ci gaba. Ban ga laifin wanda ya faɗi haka ba, domin shi takarda ya gani, kuma ya san tana da lalurar ido, sai ya haɗa biyun.

Na same ta lokacin hutu tana zaune, hannayenta a cinya. Na ce, "Yaya, idon ne ya ƙara matsawa?" Ta ce, "A'a, ƙanwata. Ido na daɗe da sallama shi, mun rabu lafiya. Yatsuna ne suke tambaya ba mai amsa musu. In na danna, ban san ko ya shiga ba." Wallahi ban ɓoye muku ba, na yi hawaye a banɗaki. Da na ce zan kawo maganar nan gabanku, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ki faɗa, amma kada ki ce a ji tausayina. Ki ce a ba ni abin aikina, sannan a duba aikin."

To, ranka ya daɗe shugaban kwamiti, roƙonmu ke nan. Ba mu ce a mayar da sabon kibod ba, masu sonsa suna nan kuma a ba su. Muna roƙo a dakata da odar iri ɗaya, a kawo iri daban-daban, mai zurfi da marar zurfi, mai tirjiya da mai santsi, mai ƙara da marar ƙara. A jera su a tebur, kowa ya zauna a kujerarsa, ya buga cikakken shafi, ya bar hannunsa ya yanke hukunci. Muna roƙo kuma a buɗe sito a yau, a ɗauko wancan mai launin tokar, a karkaɗe shi a mayar mata. Bayan haka a duba aikinta kamar yadda za a duba na kowa, ba sani ba sabo. Ita da kanta abin da ta nema ke nan.

Mu kuma da muka yi ta ƙorafin ƙara, mun ɗanɗana shirun, kuma ba mu ji daɗinsa ba. Kowace safiya ina hawa matakalar nan ina kasa kunne, sai in ji ba komai.

Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya yi musu jagora a kan abin da za su sa wa hannu. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana idanunmu da hannayenmu da hanyar abincinmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah kuma ya sa gobe da safe, tun muna kan matakala, mu ji ƙarar nan ta riga mu shiga ɗaki.

Na gode.