Sandar Kakan Rahmatu

A zauren jira na filin jirgin Injamena, tsohuwa Rahmatu ta rungume wata sanda da ta sha hannu. Wani ɗan kasuwa, baƙo daga Kano, ya zauna kusa da ita.

"Sannu Hajiya. Ke ma Abeshe?"

"Kar ka ce min Hajiya, ɗana, ban kai ba tukuna. Yaya filin jirgin can yake?"

"Ɗan ƙarami ne, amma yana tasowa. Zuwana na farko a tsaye muka jira. Yanzu ga kujeru, ga famfon alwala, har da mai shayi."

"Famfon alwala," ta maimaita a hankali, tana kallon jirgin ta gilashi. "Kakana da goran ruwa ɗaya ya taso daga garinku a ƙafa, zai tafi Makka. Ciwon ƙafa ya tsayar da shi a unguwar Bololo, nan Injamena. Kafin ya rasu ya ce kada a bar sandarsa ta kwanta."

"To ai Abeshe ba Makka ba ce, Iya."

"Gabas ce dai, ko? Jikana yana can. Zan damƙa masa, shi ya ɗora daga nan."

Ya ce, "Ni kam wata uku zan yi, in sayar da kayana in koma gida. Ba zama na zo yi ba."

Rahmatu ta shafa kan sandar, ta dube shi da tausayi.

"Mu ma ba mu zauna ba, ɗana. Hutawa muke yi. Bana shekara casa'in ke nan da yada zangonmu."