Ɗalibin da ya zo gaishe ni sau uku

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Ni ne Malam Lawal daga Kambarawa. Ina koyarwa a jami'a, kuma ni ke kula da 'yan aji biyu na sashenmu.

A zangon da ya wuce wani ɗalibina, Nura, ya zo ofishina ya durƙusa. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya yi mani ban gajiya, sai ya yi shiru. Na ce ya karatu, ya ce alhamdu lillahi. Na sa mashi albarka, na ci gaba da duba takardu. Sau uku yana zuwa haka. Har na yaba ladabinsa gaban abokan aiki.

Ranar jarrabawa bai zo ba. Da na kira yayansa, ya ce tun rasuwar mahaifiyarsu Nura ba ya cin abinci, ba ya magana da kowa, yanzu yana ganin likita.

Hajiya, ɗan Katsina ba ya buɗe baki da damuwarsa gaban babba sai an ce mashi, "Da magana ne?" Na san wannan sarai, amma ban tambaya ba. Mu malamai ba wanda ya taɓa koya mana abin da za mu yi idan an amsa.

Don Allah likitocin da ke saurare su ba ni shawara. Nura zai dawo sati mai zuwa, kuma na san zai zo gaishe ni. Idan ya sake yin shirun nan, me zan ce mashi?