Abincin Magen Hajara

Ran kasuwa a tashar Kura, wani manomin rani, da taɓo har ƙwauri, ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai nono.

"Inna, me ake ba 'yar mage mai wata uku, wadda ba ta fita daga ɗaki?"

"Madara, a sirka da ruwa. Sai ɗan kifi, a cire ƙaya."

"Duk na ba ta. Har tarwaɗa na kamo mata. Ta shinshina ta kau da kai."

"Da can wa ke ba ta?"

"Hajara, mai ɗakina. A tafin hannu take marmasa mata, tana yi mata hira. Yanzu magen kullum tana bakin ƙofa, motsi kaɗan ta ɗaga kunne."

"Allah ya jiƙan Hajara."

"A'a, Inna, tana nan da ranta. Tana gidansu a Bunkure, yau kwana goma sha biyu. Wata magana ce ta suɓuce mini."

"Kai kana cin abincin?"

Ya shiga murza hularsa.

Tsohuwa ta rufe ƙwaryarta da faifai. "Ba ni da abincin magen nan, ɗana. Amma ga fijon Bunkure can, saura mutum ɗaya."